Yarinya na goye da jariri: wa za ki fara dubawa?

Tambaya: Inna, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata ɗaya da fara aiki, an tura ni wata ƙaramar likita a karkarar Maradi. Akwai yarinya ƴar shekara 17 da ke kawo ɗanta na fari, watansa 8. Sau biyu ana kwantar da shi don tamowa, ya murmure a sallame su, bayan wata guda ya koma gidan jiya. Uwar ba ta magana, ba ta kallonsa, uwar mijinta ce ke amsa duk abin da na tambaya. Tsohuwar ta ce kunyar ɗan fari ce, maƙwabta sun ce iska ce. A makaranta taɓin hankalin manya aka fi koya mana. Shin jariri ma yana da lafiyar ƙwaƙwalwa da ake dubawa? Kuma me zan iya yi, tunda babu likitan ƙwaƙwalwa kusa da mu?

Amsa: Ɗiyata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Ina karanta saƙonki ina ganin yarinyar nan, don na sha ganin irinta a shekarun da na yi a sashen masu taɓin hankali: ta ɗosana a bakin benci, hijabi har goshi, yaron a kan cinyarta kamar ƙullin kayan da aka ba ta ajiya. Marasa lafiya biyu gare ki, amma karne ɗaya kika buɗe. Jaririn ake ɗorawa a sikeli, shi ake zagaya wa ma'aunin damtse a ga ja ne ko rawaya ko kore. Uwar kuwa, da yake ita ta goyo shi, an ɗauke ta mai jinya, alhali ita ma ba ta gama girma ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, mai tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da ɗoriya.

A littattafan da aka koya mana, babin jarirai daban, babin matasa daban. A nan su biyun tabarma ɗaya suke zaune. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 a Nijar an yi musu aure kafin su cika 18, a jihar Maradi kuwa abin ya kusa 9 cikin 10. Ke nan duk wadda ke aiki da ƴaƴan fari a ƙasar nan, da ƴan mata matasa take aiki, ko ta sani ko ba ta sani ba. Na faɗi wannan don ki san girman abin ne, amma kada ki ɗauko zancen auren wuri a ɗakin duba marasa lafiya. An riga an yi, ga ɗa a hannu, kuma ranar da kika fara wa'azi, ranar tsohuwa za ta daina kawo su.

To, jariri yana da lafiyar ƙwaƙwalwa? Yana da ita. Mutanenmu na cewa yaro bai yi hankali ba, kuma gaskiya ne ta fuskar sanin ya kamata. Amma kafin ya cika shekara 3 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba, kuma abin da ke gina ta, bayan nono da abinci, shi ne amsawa. Ya yi gwaranci a mayar masa, ya yi murmushi a yi masa, ya yi kuka a ɗauke shi. Dubi yadda kaka ke yi da jikanta: ta ɗaga shi sama tana "angona, yau me ka kawo mini na cefane?", ta yi shiru kamar mai jiran amsa, shi kuma ya wuntsila ƙafa ya ce "aguu", ta ce "au, haka ka ce?". Wannan shirmen da muke gani, shi ne karatun farko. A nan yake koyon cewa in ya yi kira akwai mai amsawa.

A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya gwada abin ta hanya mai sauƙi. Ya sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan ta ɗaure fuska, ba murmushi ba magana, na ɗan mintoci kaɗan. Jaririn ya fara da murmushi don ya jawo ta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, da ya ga ba ta motsa ba sai ya rikice, ya yi kuka, daga ƙarshe ya kau da kai ya lafe. Mintoci ke nan. Yanzu ki auna yaron da watanni ke nan irin fuskar da yake gani ke nan. Ba ya iya cewa raina ya ɓaci, sai jikinsa ya faɗa: ya rage tsotso, barcinsa ya lalace, ko ya yi ta kuka ba lallashi, ko kuwa ya yi shirun da ya fi kukan ban tsoro. Za ki ji ana yabonsa, "yaron nan ba shi da rigima". Ni in na ji haka a kan ɗan wata 8 mai tamowa, gabana faɗuwa yake.

Abin kuma zagaye yake yi. Yaro mai tamowa ba shi da kuzarin neman nono ko jawo hankalin kowa, uwa mai ciwon damuwa ba ta da kuzarin lallaɓa shi ya ci, kowa ya yi shiru ya bar ɗan'uwansa. A CRENI, sashen da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, akwai madara a kan lokaci, akwai ma'aikata, akwai sauran mata ana hira, sai ya farfaɗo. A koma gida, a koma shirun. Shi ya sa cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na jinyar tamowa mai tsanani har da wasa da yaro da nuna masa kulawa, minti 15 zuwa 30 kowace rana. Matakin da aka fi tsallakewa ke nan, don ba ya zuwa cikin kwali. A Jamaika an bi yara 129 da tamowa ta tsumburar, ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu ana koya wa iyayensu mata wasa da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, aka tarar waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100.

Sai maganar tsohuwa, kuma a nan zan daɗe, don kada ki yi saurin cewa jahilci ne. Kunyar ɗan fari gaskiya ce. Ni kaina ban taɓa kiran sunan ɗana na fari a gaban mahaifiyata ba har ta koma ga Allah. Yarinya mai tarbiyya ba ta yi wa ɗan fari wasa a gaban surukai, ba ta sumbatarsa, wata ko nono sai an ce "ke, ba shi mana" sannan ta juya baya ta ba shi. Baƙon da bai san mu ba zai rubuta cewa uwar ba ta son ɗanta, ya yi kuskure babba. Amma mu ma muna iya yin kuskuren ta ɗaya gefen, mu lulluɓe ciwo da mayafin kunya.

Ga yadda nake rabewa. Kunya don idon mutane ake yin ta. In idon ya kau, sai ki ga ta saci kallonsa, ta gyara masa hula, ta share masa baki da gefen zane, ta ɗan ja masa yatsa. Shi ma yaron zai tona mata asiri, don in kika ɗauke shi ita zai bi da ido, in kika mayar ya lafe a ƙirjinta. Mai kunya tana cin abinci, tana barci, tana kitso da lalle, in ta haɗu da sa'o'inta a bakin rijiya har shewa za ki ji. Mai ciwon damuwa kuwa ko ɗakin ya zama daga ita sai shi, fuskar ba ta sauyawa. Sannan al'adar da ta hana uwa wasa da ɗan fari ba ta bar shi haka ba, ta miƙa shi ga kaka da gwaggo da ƙannen uba, su ne masu cilla shi sama. Saboda haka tambayar da nake yi wa tsohuwa ita ce, "Inna, wa ke yi masa wasa a gida?" In ta washe baki ta ce ai ba ya sauka daga hannunta, to da sauƙi. In ta tsaya tunani, kin samu amsa. Sau da yawa miji ya tafi biɗa, ko Najeriya ko Libiya ko wajen haƙar zinariya, damina ta faɗi kowa na gona, hatsi ya ƙare a rumbu, yarinya na gida ita kaɗai da daka da ɗiban ruwa, a garin da ba nata ba.

Ba za ki ga ko ɗaya cikin wannan ba muddin tsohuwa na zaune. Kada kuma ki kore ta. Ki gaishe ta da kyau, ki yaba mata wahalar da take sha ta zirga-zirga, ki saurari nata bayanin har ƙarshe, sannan ki ce, "Inna, zan duba jikinta, ki ɗan sha iska a waje." Babu uwar mijin da za ta zauna kallon wannan. Ki rufe ƙofa, ki ajiye biro, ki bar bayan tebur ki zauna gefenta, don ƴan matanmu ba sa iya magana ana kallon ƙwayar idonsu. Ki ce ta ba shi nono, ke kuma ki yi kamar kina gyaran wani abu, ki ba su minti goma. Ki lura yadda ta riƙe shi, ko tana duban fuskarsa, ko shi yana neman tata, in ya saki nono me take yi, in ya yi kuka jikinta na motsawa ko kuwa sai ka ce a maƙwabta ake yi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, a nan kuwa fuska biyu za ki tambaya.

Na taɓa yin wauta a farkon aikina, kuma har yau tana ci mini rai. Wata yarinya ce kamar taki, ɗanta na ta tsala kuka tana kallon bango. Na gaji, layi ya yi tsawo, na daka mata tsawa a gaban mata, "wace irin uwa ce ke?" Ba ta ce uffan ba. Ta goya shi ta fita, ban sake ganinta ba. Abin da na faɗa mata shi ne ainihin abin da ciwon ke faɗa mata dare da rana, ni kuma na sa masa hannu da farar riga.

In za ki yi tambaya, ki fara daga jiki, don ta nan mutanenmu ke shigowa. Ba wadda za ta ce miki tana da ciwon damuwa. Cewa za ta yi kaina na zafi, jikina ya mutu, gabana na faɗuwa, wani abu na yawo a jikina. Ki tambayi barci: in yaro ya yi barci ita tana samu, ko idonta biyu har kiran assalatu? Ki tambayi abinci. Daga nan ki gangara: "Tunani yana yi miki yawa?" "Me kike jin daɗinsa da, wanda yanzu ba ya burge ki?" "Kina kuka ke kaɗai?" In kin yi tambaya ki yi shiru, ki ƙirga ashirin a zuci. Shirun zai yi miki nauyi, ki daure, galibi a ƙarshensa maganar ke fitowa. Ɓacin rai ko mutuwar sha'awar komai, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, tare da kasa ayyukan yau da kullum, shi ne ma'auninmu.

Akwai tambayoyin da sabbin ma'aikata ke tsoro, kuma dole ne. "Akwai lokacin da kike jin gara ki mutu ki huta?" In ta ce e, ki ci gaba a natse: ta taɓa tunanin yi wa kanta wani abu, ta shirya wata hanya, ta taɓa gwadawa, tunanin ya taɓa haɗawa da yaron? Tambayar ba ta cusa wa mutum abin da babu shi a ransa. Kada ki ce "subhanallahi, haramun ne", ta san haramun ne, shi ya sa ta kasa gaya wa kowa. In akwai shiri ko an taɓa gwadawa, ba a barinta ita kaɗai, a kwashe maganin ƙwari na gona da piya-piya da tarkacen ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, a tura ta Maradi a ranar tare da babba. Ki tambaya kuma ko ana dukanta, ko ana tilasta mata kwanciya, ko ta ga wani tashin hankali. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Runji saboda ƴan bindiga, ƙauyukanmu na bakin iyaka ma ba su tsira ba. Yarinyar da aka kashe wani a gabanta tana iya zama kamar gunki, ƙarar babur kaɗai ta sa ta zabura.

Kada kuma zancen zuciya ya sa ki manta da jiki. Ki duba idonta da tafin hannu don ƙarancin jini, ki yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ki taɓa wuya ko akwai maƙoƙo, ki tambayi tari mai daɗewa, ki ba ta shawarar gwajin sida. Ƙafa mai kumburi da haki bayan haihuwa ciwon zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kin san mu da kunun kanwa da wankan jego. Ki tambaya a asirce ko fitsari na zubo mata, don yarinyar da ta yi doguwar naƙuda tana iya ɓoye yoyon fitsari wata da watanni, kuma ana gyaransa, ga asibitin Danja nan kusa. Sannan ki yi gwajin ciki. In ta yi rurrutsa, da an gane za a ce nonon ya lalace a cire yaron rana ɗaya a kai shi wajen kaka, ya rasa nono da uwa a dare guda. Mai ciki na iya ci gaba da shayarwa, ki faɗa musu tun kafin su yanke.

Rikicewar bayan haihuwa iri uku ce. Akwai ƴar ƙaramar da ke zuwa kwana 3 zuwa 5 da haihuwa, kuka ba dalili da saurin fushi, ta wuce da kanta kafin mako biyu. Akwai ciwon damuwa, wanda nake zargi a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan, kuma ƙananan iyaye sun fi shiga haɗari. Na ukun shi ne haukan jego, mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, yawanci cikin makonni biyun farko: ba barci sam, surutai, jin muryoyi, cewa jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi. Wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a ƙauye, kuma yana warkewa sarai in an yi magani.

Maganar iska kuwa, na daina gardama a kanta tun da daɗewa. Maradi ce, garin da bori ke da tsohon tarihi, ga kuma masu ruƙiyya a kowace unguwa. Kafin su zo wajenki sun je can, bayan sun bar wajenki ma za su koma. Abin da nake cewa shi ne, "A ci gaba da addu'a, mu ma ga namu taimakon, duka Allah ke ba da lafiya." Amma ina kafa sharaɗi a fili: ba duka, ba ɗauri, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da jariri a ciki, ba hana shi nono, ba ɗura masa jiƙo. In sun ce tana faɗuwa, ki tambayi wanda ya gani da idonsa yadda abin ke faruwa. Sanƙarewa da jijjiga na minti ɗaya ko biyu, cizon gefen harshe, sakin fitsari, ƙuna ko rauni, faɗuwa ko cikin barci, sannan nauyin kai bayan an farfaɗo, wannan farfaɗiya ce. Ba a ɗaukarta ta miyau, kuma kusan 7 cikin 10 na daina faɗuwa in suna shan magani a kan kari.

Me za ki iya yi da hannunki? Fiye da yadda kike zato. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida, ba likitoci ba, su riƙa zama da masu ciki da masu jego da ke da ciwon damuwa, suna saurarensu suna taimaka musu su sauya tunani da ayyukan yini. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bayan wata 6 saura kashi 23 cikin 100 ke da ciwon, a rukunin da ba a yi wa wannan tsarin ba kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin aiki, akwai shi da Faransanci, ki neme shi tare da kundin mhGAP, jagoran da hukumar ta tsara wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba.

A aikace, ki fara da gaya mata sunan abin: ciwo ne, yana kama mata da yawa, ba lalaci ba ne, ba rashin imani ba ne, kuma ana warkewa. Ki faɗa wa tsohuwa haka, amma ta ƙofar da za ta shiga: "Inna, jikanki ba zai riƙe ƙiba ba sai uwarsa ta samu ƙarfi, ke kaɗai za ki iya taimaka mini." Ki roƙi abu ƙanana masu yiwuwa. A ɗauke mata ɗiban ruwa na wata guda. A bar ta ta yi barcin rana. A ƙara mata fura. In da hali a bar ta ta je ganin gida mako biyu, don na ga yarinyar da ganin uwarta ya yi mata abin da kwalin magani bai yi ba. In mijin na da waya, a kira shi, da yawansu ba su san halin da ake ciki ba. Ita kuma ku zaɓi abu guda da za ta yi kullum, ko da zama ne wajen maƙwabciya bayan la'asar.

Sai wasan. Gwangwanin tumatir da tsakuwa a ciki a toshe bakinsa da kyau, ludayi da ƙwarya, tsumma mai launi, sun isa. Amma ga wani tarko da na ga ƙwararru ma na faɗawa: ki ɗauki yaron ki yi masa wasa ya ƙyalƙyale da dariya, uwar na kallo. Ke kin ji daɗi, ita kuwa abin da ta gani shi ne ɗanta ya fi son baƙuwa. Ki zauna a bayanta, yaron na fuskantar ta, gwangwanin a hannunta. In ya ɗago ido ki ce a hankali, "Kin gani? Ke yake nema." In ta yi ko da ƙaramin abu daidai, ki faɗa. Tunda kunya ta hana ta yi a tsakar gida, ki ce ta riƙa yi a ɗaki, lokacin ba da nono da lokacin wanka, ba wanda ya gani.

Magani kuwa, a nan yarinyarki ta faɗa tsakanin dokoki biyu. Kundin mhGAP na 2016 ya ce ƙasa da shekara 12 ba a ba da maganin damuwa, matasa kuma sai an gwada zama da magana bai yi ba, sannan fuloksetin kaɗai, da shawarar ƙwararre, ana sa ido sosai a makonnin farko saboda tunanin kashe kai na iya ƙaruwa. Kundin nan dai ya ce mai shayarwa a guje wa magani mai daɗewa a jiki irin fuloksetin. Ga ta matashiya, ga ta mai shayarwa. Wannan hukunci ba naki ba ne ke kaɗai, ki sa majo, shugaban likitarku, ya kira sashen masu taɓin hankali a Maradi a yi shawara. Abin da zan hana ki kai tsaye shi ne diyazefam don ta samu barci, yana bi ta nono ya kwantar da yaron da dama ba ya tsotso, kuma jiki na sabawa da shi. Amitiriftilin ma ba na matasa ba ne, kuma yana da haɗari ƙwarai a hannun mai tunanin mutuwa.

Shi ma yaron ki bi shi da ido bayan sikeli. Murmushin amsawa wajen wata 2, gwaranci da zama wajen wata 6 zuwa 9, juyowa in an kira sunansa kafin shekara, nuni da yatsa da kalmomin farko kafin wata 18, haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Tamowa na jinkirta duk wannan, kuma yana kamowa in ya samu abinci da kulawa. In uwa ta warware, ƙiba ta dawo, shi bai motsa ba, ki fara da kunne, don a ƙasar sanƙarau muke. Ki tambayi yadda aka haife shi, ko ya yi kuka nan take, ko ya taɓa zazzaɓi da jijjiga. Akwai kuma yaran da ke ji sarai amma ba sa haɗa ido, ba sa nuni, cutar galahanga ke nan, kusan yaro 1 cikin 100 a ƙiyasin duniya, kuma wannan ba uwa ke jawo shi ba, ki faɗa da babbar murya kafin a ɗora mata.

Da zarar an san kina sauraro, sauran matasan za su fara zuwa, ki shirya. Matashi 1 cikin 7, daga shekara 10 zuwa 19, na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa a duniya, kuma kusan rabin ciwukan da muke jinya a manya kafin shekara 14 suka faro. Saurayi ɗan kabu-kabu ko mai aikin gona da ya fara jijjiga bai taɓa yi ba, ki tambayi tiramol kafin ki rubuta farfaɗiya, don ƙwayar da ake sayarwa a tebur ta ninka ta asibiti ƙarfi kuma tana jawo jijjiga. Ƴan matan lakwal da ke zubewa a aji ɗaya bayan ɗaya, a raba su, a kore ƴan kallo, a zauna da wadda ta fara faɗuwa, galibi ita ce ke ɗauke da wani nauyi. In kuma an sallamo saurayi daga asibiti da Haldol, maganin taɓin hankali, aka dawo miki da shi bayan kwana biyu wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe waje, dangi na salati suna cewa aljanin ya dawo da fushi, maganin ne ya yi haka, samari sun fi kowa samun wannan, kuma akwai allurar da ke sake shi cikin mintoci. Gara ki gargaɗe su tun ranar farko, in ba haka ba sun bar magani ke nan, sai ɗauri da mari. Dukansu dokar ɗaya ce: ki ga matashi shi kaɗai ko da minti biyar ne, ki gaya masa abin da ya faɗa ba zai fita ba sai in ransa ko na wani na cikin haɗari, kuma ko a nan sai kin sanar da shi kafin ki kira babba.

Yarinyarki dai, gobe ki buɗe mata nata karnen, da sunanta, ba "uwar wane" ba. Ki sa musu ranar dawowa kowane mako, ki daidaita da ranar kasuwar garin don a samu abin hawa. In ba su zo ba kada ki jira sikeli ya dawo da su, ki aika ma'aikacin sa-kai na ƙauyen, ko ki roƙi unguwarzoma ta leƙa. Bayan kin yi zaman minti goman nan, ki rubuto mini abin da kika gani, musamman inda yaron ya kai idonsa lokacin da tsohuwa ta fita.